Turai, Amurka, Ingila, Sin ko nan Afirka: sharaɗin wa mai fitar da kaya daga Legas zai iya ɗauka?

Tun da dala ta tsallake naira dubu, duk wanda Allah ya hore wa ɗan jari a Mile 12 ko Agege ko Alaba Rago maganarsa ɗaya ce, fitar da kaya waje. Mutanen da a da iyakarsu su ɗauko riɗi ko zoɓo ko citta daga Dawanau, su sauke a sito, su miƙa wa Ba'indiye ko ɗan Labanan su karɓi cinikinsu su juya, yanzu so suke su yi rajistar kamfani, su karɓi satifiket ɗin hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, su buɗe fom ɗin fitar da kaya na NXP a banki su cika kwantena da sunansu. Kuma daidai ne wallahi. Mu ne noma, mu ne lodi, mu ne kwana a hanya, to don me dalar za ta riƙa sauka a asusun wani?

Sai dai kusan kowa tambayarsa ita ce wace ƙasa ta fi biya. Ni kuma ina ganin kafin farashi akwai abin dubawa, wato sharaɗin da kowace kasuwa take ɗorawa da sunan haƙƙin ɗan Adam da kare muhalli, da kuma a wuyan wa sharaɗin yake. Don iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗora wa gwamnati, kar soja ya yi juyin mulki, kar a harbe masu zanga-zanga, a bar ƙungiyoyin ƙwadago su yi aikinsu, idan gwamnati ta saɓa sai a janye wa ƙasar gaba ɗaya rangwame har da kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Akwai kuma wanda aka ɗora wa kayanka kai tsaye, daga wace gona suka fito, an sare daji ne aka yi gonar, yara sun yi aikin da ya fi ƙarfinsu, wane magani aka zuba a buhu. Na biyun ya fi cin kuɗi da ɓata lokaci amma a hannunka yake. Na farkon ba ya cin ka ko kwabo, amma ba ka da ta cewa a kai.

Wani ruɗu da ya kamata a fara cirewa shi ne na kuɗin fito. Ɗanyen riɗi, ɗanyen kashu, ƙwayar koko, dama can Turai ba ta karɓar fito a kansu ko daga wace ƙasa suka zo, saboda masana'antunta suna buƙatarsu. Don haka idan ɗanyen kaya kake fitarwa, duk wanda ya zo ya ce maka wata yarjejeniya za ta rage maka haraji a Turai, daɗin baki ne kawai. Inda abin yake cizo shi ne kayan da aka sarrafa. Man koko daga Najeriya yana biyan kashi 4.2 cikin ɗari, markaɗaɗɗen koko 6.1, alhali na Gana da Kwaddebuwa ba sa biyan komai. Dalili kuwa su sun shiga yarjejeniyar cinikayya da Turai ta EPA ta wucin gadi, mu mun ƙi. An kammala tattaunawar EPA ta Afirka ta Yamma a 2014 a kan cewa Turai ta buɗe kasuwarta gaba ɗaya, mu kuma mu buɗe kashi 75 cikin shekara 20, ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ta ce ina, wannan kashe mu za a yi, kuma a 2018 marigayi Buhari ya faɗa ƙarara cewa Najeriya ba za ta sa hannu ba. Ni dai ina ganin ƙin yana da hujja, duk wanda ya san yadda kamfanonin Ikeja da Ilupeju suke fama da dizal ya san ba za su iya karawa da kayan Jamus babu fito ba. Amma a sani cewa masu sarrafa kaya don fitarwa su ne suke biyan kuɗin wannan matsayin.

To a wane tsari muke da Turai yanzu? Tsarin GSP na gama-gari, wato rangwamen fito da Turai take ba ƙasashe masu tasowa, wanda yake rage ɗan abu kaɗan. Sharaɗinsa na gwamnati ne, kar a yi mummunan take yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya da na ƙwadago. Akwai na sama da shi, GSP+, wanda sai ƙasa ta amince da yarjejeniyoyi 27 na haƙƙin ɗan Adam da ma'aikata da muhalli da shugabanci, kuma a riƙa zuwa ana duba ta. Turai tana janye rangwamen amma ba kasafai ba, kuma sai an daɗe ana jan kunne. Ta yi wa Bama a 1997 saboda aikin tilas, Belarus a 2007, Siri Lanka a 2010, Kambodiya kuma wani ɓangare a 2020. Wato ta wannan fuskar ba abin da zai hana ka barci ba ne.

A nan dole a taɓo yarjejeniyar Samoa, tunda har yau idan ka ce yarjejeniya da Turai a majalisa sai wani ya ce ai ita ce ta auren jinsi. An sa hannu a kanta a Apiya, babban birnin Samoa, ranar 15 ga Nuwamba 2023 tsakanin ƙasashe 27 na Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka da Karebiyan da Fasifik, Najeriya ta sa nata ranar 28 ga Yuni 2024, sai aka yi ta hayaniya a watan Yuli har a kan mumbari. Ministan kasafi Atiku Bagudu ya musanta, ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta ce ta karanta babu wannan sharaɗin a ciki, kuma dokar 2014 da ta hana auren jinsi tana nan daram. Mutum yana da damar ya yi zargin wasu kalmomin da aka bari a dunƙule, wannan ba laifi ba ne. Amma ga ɗan kasuwa abin lura shi ne Samoa ba ta rage fito ko sisi. Ita ce ta gaji yarjejeniyar Kwatano ta 2000, ta tallafi ce da siyasa, kuma a cikinta ne aka ce haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya ginshiƙai ne da idan an rusa su za a iya dakatar da hulɗa. An yi amfani da irin wannan saɗarar a kan Nijar a 2009 lokacin tazarcen Tandja, mu ma an dakatar mana da tallafi bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamba 1995. Tallafi aka tsayar, ba jirgin kaya ba.

Ainihin wahalar Turai tana kan buhunka. Babba a ciki ita ce dokar hana sare daji da ake kira EUDR, wadda ta zama doka a 2023. Kaya bakwai ta shafa, shanu, koko, kofi, manja, roba, waken soya da katako, da abin da aka yi da su kamar cakulan da gawayi. Abin da take cewa shi ne kar a shigo da kayan da aka noma a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020, kuma ba rantsuwa za ka yi ba, lambar GPS ta kowace gona za a bayar, idan gonar ta wuce hekta 4 sai an zana iyakarta gaba ɗaya, su kuma can su ɗora a kan hoton tauraron ɗan adam su gani ko daji ne a 2020. Bayan haka sai an nuna an bi dokar ƙasar da aka noma kayan, har da ta mallakar fili da ta ma'aikata. Tarar da za a iya ci wa kamfanin da ya shigo da kayan tana kaiwa kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara a Turai, shi ya sa babu mai saye da zai yi maka kara, idan ba ka da lambobin zai koma wurin mai su. An ɗage fara aiki da ita sau biyu, daga ƙarshen 2024 zuwa ƙarshen 2025, sannan zuwa ƙarshen 2026, amma manyan masu sayen koko tuni suka fara tambaya.

Ka duba yadda muke sayen kaya. Dillali ya shiga kasuwar ƙauye ya tara mudu-mudu daga mutum hamsin, a juye a buhu ɗaya, a haɗa da na wata kasuwar, kafin tirela ta iso Ijora babu mahalukin da zai iya ce maka ga gonar da wannan waken soyan ya fito. Da irin wannan sayen ba za ka taɓa cika sharaɗin ba. Sai dai ka koma hulɗa da ƙungiyar manoma sananniya, a yi musu rajista, a ɗauki lambar gonakinsu da waya, a ware kayansu daban tun daga gona har kwantena. Aiki ne na damina ɗaya ko biyu, ba na sati ba. Masu koko sun fi shiga uku domin akwai gonaki a cikin gandun dajin gwamnati a Ondo da Ogun da Kuros Riba, kuma irin wannan ko ba sabuwar sara ba ce, rashin izinin kansa matsala ne.

Amma ga abin daɗin ji ga yawancinmu: riɗi, zoɓo, citta, kashu, ƙaro, babu ko ɗaya a cikin jerin bakwai ɗin nan. Fatar akuya da ta tumaki ma haka, wadda ita ce ainihin abin da majemun Kano suke turawa Italiya da Sifen. Ta shanu ce dokar ta ambata, mu kuwa tamu ta shanu ai cinye ta muke, je ka Oko-Oba da safe ka ga inda take tafiya, ganda ce da fomo.

Wanda zai shafi kowa shi ne dokar hana kayan aikin tilas, wadda za ta fara aiki a Disamba 2027, ita ba ta ware wani kaya ba. Ga kuma dokokin da suka tilasta wa manyan kamfanoninsu bin sawun masu kawo musu kaya, Jamus ta fara nata tun Janairu 2023, na Tarayyar gaba ɗaya kuma an amince da shi a 2024 duk da daga baya an rage masa kaifi sosai. Kai ba ka cikin waɗanda dokar ta kama, amma mai sayenka yana ciki, shi ya sa za ka ga an turo maka fom mai shafi da yawa ana tambayar shekarun masu yi maka aiki, awa nawa suke yi, nawa kake biya, akwai takunkumin hanci a wurin shiƙar riɗi ko babu. Batun yara kuma mutanenmu suna yawan fahimtarsa a karkace, sai ka ji an ce Bature ya hana ɗa taya ubansa noma. Ba haka yarjejeniyoyin ƙungiyar ƙwadago ta duniya masu lamba 138 da 182 suka ce ba, waɗanda Najeriya ta amince da su tun 2002. Ƙaramin aiki da bai hana yaro makaranta ba bai cutar da shi ba, an yarda da shi. Abin da aka hana shi ne ka goya wa yaro ɗan shekara sha biyu injin feshi, ko ka ɗora masa buhun da babba ma sai ya yi nishi, ko a kwaso yara daga wani gari a zube su a gona ba iyaye ba lada. Tsakani da Allah wanne ne a cikin waɗannan addininmu ya halatta? Inda ake cutarmu shi ne kuɗin tabbatarwa, su ne suke kafa sharaɗi mu ne muke biyan masu zuwa dubawa, farashin kuma ba lallai ya ƙaru ba. Wannan ƙorafin gaskiya ne.

Duk da haka abin da ya fi koro kayanmu daga Turai ba haƙƙin ɗan Adam ba ne, fiya-fiya ne. Tun Yuni 2015 aka hana busasshen wakenmu shiga saboda ragowar maganin ƙwari na dikulobos, iyakar da suka yarda ita ce miligiram 0.01 a kilo, aka riƙa samun namu ya ninka haka sau ɗaruruwa, kuma an yi ta sabunta haramcin. Riɗinmu kuma ana tsananta masa bincike saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda sau da yawa take zuwa daga shanya a bakin titi da a ƙasa inda kaji da awaki suke bi. Waken da Turawa suka ƙi ɗin nan fa shi muke ci a ƙosai kullum, wannan ma abin tunani ne daban.

Amurka akasin haka take. Dokar AGOA da Clinton ya sa wa hannu a 2000 ba yarjejeniya ba ce ma, kyauta ce daga ɓangare ɗaya, kaya sama da 1,800 su shiga babu fito. A kan buhunka ba ta cika tambaya ba, ka yi rajista da hukumarsu ta abinci da magunguna FDA idan abinci ne, ka cika ƙa'idar lafiya da ta lakabi, shi ke nan. Amma duk shekara shugaban Amurka yana duba jerin ƙasashe ya cire wanda ya ga dama. Kamaru a 2020, Habasha da Mali da Gini a Janairu 2022, Burkina Faso a 2023, Nijar da Gabon da Uganda da Afirka ta Tsakiya a Janairu 2024. Ɗan kasuwar Maraɗi bai yi juyin mulki ba amma shi aka hukunta. A Habasha matan da suke ɗinki a masana'antun Hawasa ne suka rasa aiki saboda yaƙin Tigirai da ba su suka tayar ba. Kuma kar a ɗauka kullum don tausayin talaka ake yi, a 2018 an dakatar wa Ruwanda rangwamen tufafi ne kawai saboda ta ƙara haraji a kan gwanjon da ake kawowa daga Amurka.

Sannan dokar kanta ba ta da tabbas. Wa'adinta ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2025, aka bar ta a mace na wasu watanni, da aka farfaɗo da ita a farkon 2026 kuma zuwa ƙarshen shekarar kawai aka ba ta. A tsakiyar haka Trump ya ɗora wa kayan Najeriya kashi 14 a Afrilu 2025, ya koma 15 a Agusta, lissafin kuma bai daina canzawa ba. A ƙarshen Oktoba 2025 ya sake sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini, irin abin da kan iya shiga bitar AGOA ta shekara. Ya za ka ci bashin banki ka kafa injin sarrafa kashu na shekara goma a kan rangwamen da ba a san makomarsa bayan wata goma ba? Shi ya sa mafi yawan abin da muka taɓa sayarwa a ƙarƙashin AGOA ɗanyen mai ne. Ga kuma ƙananan tarkuna, kifin tarwaɗa mai hayaƙi an hana shi shiga tun 2018, ma'aikatar ƙwadagonsu kuma ta sa koko da rogo da zinare da tsakuwa na Najeriya a jerin kayan da ake samun aikin yara a ciki. Kilishi kuwa a manta da shi gaba ɗaya, nama daga nan ba ya shiga Amurka, ba ya shiga Turai, ba ya shiga Ingila.

Ingila ita ce mutane ba su cika kallo ba, kuma ni a ganina ita ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Bayan ta fita daga Tarayyar Turai ta kafa nata tsarin rangwamen fito mai suna DCTS a Yuni 2023, ƙasashe 65, ta sa Najeriya a rukunin da kusan kashi 92 cikin ɗari na nau'o'in kaya suke shiga babu fito, ba tare da mun sa hannu a EPA ba kuma ba tare da jarrabawar yarjejeniyoyi 27 ba. Ta dai riƙe ikon dakatarwa idan aka yi mummunan take haƙƙi. Wato mai sarrafa kaya ya fi samun sauƙi a can fiye da Holan ko Jamus. Ga 'yan Najeriya jingim a Landan da Manchesta masu neman garin rogo, agushi, yaji, kuka, daddawa, man kaɗe, kuma turancin da za a rubuta kwangila da shi ejan ɗinka yana ji. Hajiyoyin da suke haɗa kayan yaji da garin kunu a Idi-Araba suna sa wa a leda mai kyau, wannan kasuwarku ce, ku nemi lambar NAFDAC ku fara da kwali kaɗan ta jirgin sama. Aibinta biyu ne, kasuwar ba ta kai ta Turai girma ba, kuma ƙa'idar lafiyar abincinta kusan iri ɗaya ce tunda daga can ta gado ta, fiya-fiya zai kore ka a nan ma.

Sin ba ruwanta da tambayar ko an yi zaɓe a ƙasarku ko yaro ya je makaranta. Ta cire wa ƙasashen Afirka 33 mafiya talauci fito gaba ɗaya daga Disamba 2024, a Yuni 2025 kuma ta sanar da faɗaɗa shi ga ƙasashe 53 har da mu. Wannan babban abu ne ga masu riɗi, domin shekara da shekaru na Nijar da Togo yana shiga kyauta namu yana biya, kowa a Dawanau ya san ta inda wani riɗin yake bi ya canza ƙasar haihuwa. Sharaɗin kaya akwai, rajista da kwastan ɗinsu na GACC da ƙa'idar ƙwari, kuma ba kowane amfanin gona ne aka ba izinin shiga ba sai gwamnatoci biyu sun ƙulla takarda a kansa. Sharaɗin siyasa ma akwai, ɗaya ne tak, Taiwan. Shi ya sa Eswatini ba ta cikin 53 ɗin, shi ya sa kuma a 2017 aka ce ofishin kasuwancin Taiwan ya tattara ya bar Abuja ya dawo nan Legas.

Mutane suna jin daɗin cewa Sin ba ta da wahala, kuma a gaskiya mun ga aikinsu, tashar Lekki da aka buɗe a 2023 da jirgin ƙasan da yake ratsa Agege. Amma rashin tambayar nan wani ne yake biyansa, kuma yawanci ƙauyenku ne. Icen madobiya da 'yan katako suke kira koso, an yi masa wawa a Taraba da maƙwabtanta don kasuwar kujerun Sin har sai da hukumar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da itatuwa ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018, lokacin da aka farga dajin ya riga ya tafi. Jakuna ma haka, fatarsu ake nema don wani maganinsu, aka yi ta lodinsu daga kasuwannin kan iyaka zuwa Kudu ana yankawa har jaki ya fi ƙarfin talakan da yake ɗebo ruwa da shi, sai a Fabrairu 2024 Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata. Duk wanda ya zuba jarinsa a waɗannan biyun ya ci riba na ɗan lokaci sannan sana'ar ta mutu a hannunsa, wasu ma kwastan ta kama musu kwantena. To ka ga mai sayen da ba ya tambaya bai kare ka daga dokar ƙasarka ba. Ga riɗi da kashu dai babu wannan matsalar, sai dai ka shirya wa mai saye mai matse farashi da son ɗanyen kaya kawai.

Saura gida. Yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, AfCFTA, an ƙulla ta a Kigali a Maris 2018, Najeriya ta sa hannu a Yamai a Yuli 2019, wata ɗaya bayan nan muka rufe iyakokinmu har zuwa Disamba 2020, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda abin yake. A takarda za a cire fito a kan kashi 90 na kaya a hankali, kashi 7 a jinkirta, kashi 3 a ware. Kayan farko daga nan sun tashi daga Apapa a Yuli 2024. Ba ta da babin ma'aikata ko na muhalli mai haƙori, ba wanda zai kore ka don gwamnatinku ta yi laifi, ba kuma wanda zai nemi lambar gona. Abin da za a nema shi ne shaidar cewa kayan a nan aka yi su, ba na Sin ba ne aka canza wa kwali. Ga maƙwabta ma tsohon tsarin ECOWAS na shigar kaya babu fito, ETLS, ya fi saurin amfani, kuma duk da Nijar da Mali da Burkina sun fice a Janairu 2025 an ce a ci gaba da karɓar kayansu a kan tsarin. Matsalar ba a takarda take ba, a kan titi take, duk wanda ya bi Mile 2 zuwa Seme da kaya ya san shingaye da abin da ake ajiyewa a kowanne. Idan ma haƙƙin ɗan Adam ake nema, na direba da ɗan kasuwa ne ake takewa a nan, kuma ba wata saɗara da ta kare su. A Gana an sha rufe shagunan 'yan Najeriya saboda dokarsu mai neman baƙo ya nuna jarin dala miliyan ɗaya. Amma kuɗinka yana juyawa cikin sati biyu ba wata uku ba, kuma idan an cuce ka mota za ka hau ka je.

To idan ɗan'uwa ya ce in zaɓar masa, sai in tambaye shi me yake sayarwa kuma yaya yake saye. Mai ɗanyen riɗi ko kashu da yake saye a hannun dillalai, ya fara da Sin, Turkiyya, Indiya da Biyetnam, amma ya riƙa kai samfur lab kafin lodi, kuma ya fara rubuta wa ya sayar masa, a wace kasuwa, yaushe, don ranar da zai nemi Japan ko Turai inda farashin ya fi kyau. Mai sarrafa kaya, Ingila da Afirka ta Yamma tukuna. Mai koko ko waken soya da yake hangen Turai, ba shi da zaɓi sai ya haɗa kai da ƙungiyar manoma tun yanzu, idan kuma jarinsa bai kai ba gara ya ci gaba da sayar wa babban kamfanin da ya riga ya yi taswirar, ba abin kunya ba ne. Amurka kuwa a ɗauke ta a matsayin ƙari, idan oda ta zo a yi, amma a yi lissafin riba kamar babu AGOA. Wanda ya iya cika sharaɗin Turai zai iya sayarwa ko'ina, wanda ya saba da mai sayen da ba ya tambaya kuwa sai ya sake koyon sana'ar daga farko.

Kuma duk inda ka dosa ka sa ido a kan Abuja kamar yadda kake sa wa a kan Burasels da Washintan. A Agusta 2025 gwamnati ta wayi gari ta hana fitar da ɗanyen ƙwarar kaɗe na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida, manufa mai kyau, amma farashi ya faɗi nan take a hannun matan da suke tsinta, masu kwangila da 'yan waje kuma suka rasa yadda za su yi da kayan da ke sito. Gawayi da katako ma an sha hanawa a buɗe a sake hanawa. Don haka kafin ka karɓi kafin alƙalami daga kowane mai saye, ka sa lauya ya rubuta a kwangilar abin da zai faru idan gwamnati, tamu ko tasu, ta canza doka bayan an sa hannu, wa zai ɗauki kuɗin kwanan kwantena a tasha, kuma ka tuna Babban Banki kwana 180 ya ba ka kuɗin kayan su dawo gida.